Ƙarfe a ɓoye ko ƙafa a ƙasa: me zai riƙe leɓen kantar tsakiyar kicin?

Sabbin gidajen Sakkwato sun fara yayin kanta a tsakiyar kicin, mai leɓen da ya zarce don a zura ƙafa a karya kumallo. Giranit, dutsen da ake shimfiɗawa a saman kantar, mai kaurin santimita 3 yana iya zarcewa kusan santimita 25 ba tallafi. Mai santimita 2 kuwa, 15 ne iyakarsa. Gwiwa tana son wajen 30, dole ke nan a tallafe shi.

Hanya ta farko, mai walda ya yanko faffaɗan ƙarfe mai kauri, a kwantar ƙarƙashin dutsen duk bayan santimita 45 zuwa 60, kashi biyu cikin uku na tsawon ƙarfen a kan jikin kantar. Ba a ganinsa, ba ya bugun gwiwa, tsintsiya ta wuce sumul. Sai dai nauyin duk yana komawa kan kantar. In ta katako ce, wajibi a huda tayil a ɗaure ta a simintin ƙasa da sukurori, don yaro ɗaya ya ɗare leɓen zai iya kifar da ita. Wannan ne ke tayar mini da hankali. Ga hunturunmu da ke busar da katako har sukurori su saki, ga gara.

Ƙafa biyu na ƙarfe kuwa suna sauke nauyin kai tsaye ƙasa, kuma sun fi arha. Aibinsu tuntuɓe da cin wurin kujera.

In kantar ta bulo ce, ƙarfen ɓoye zan zaɓa. Ta katako a gida mai yara, ƙafafu.