Akwatin shanyar kayan miya: yadda ya yi mini aiki a Garwa

Duk mai shanya tumatir ko kuɓewa a tabarma a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ta san fitinar: ƙurar hunturu, ƙuda, awakin maƙwabta, ga yashi a miya. Shi ya sa na sa kafintan unguwarmu ya haɗa mini akwatin shanya mai aiki da zafin rana, daga tarkacen da ke jibge a bayan ɗaki. Na yi aiki da shi tun lokacin sanyi har damina ta faɗi, kuma a ganina ya biya wahalarsa.

Abin da na saya kaɗan ne, ƙusa da baƙin fenti da ragar taga ta roba. Jikin akwatin katakon tsohon kabad ne, murfinsa gilashin taga, a ƙasa kuma guntun kwanon rufi da aka shafe da baƙin fenti. Kwanon yana shan rana, gilashi ya tsare zafin, iska ta shiga ta ramukan ƙasa ta ɗumama, ta ratsa kayan, ta fice ta sama da danshinsu.

Ramukan saman nan su ne ran akwatin. Kafintan ya so ya toshe su, ya ce: "Hajiya, ai zafin zai gudu." Na ce: "Malam, in ka toshe, dafuwa zai yi." Sama da kashi 90 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, dole a ba ruwan nan hanyar fita. Zafin digiri 50 zuwa 60 ya wadatar. A Maris da Afrilu, da zafin Garwa kan haura digiri 40 a inuwa, sai na ɗaga murfin kaɗan da tsakar rana, don kada bayan tumatirin ya ƙeƙashe cikinsa yana ɗanye. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa rana tana karkata kudu, can nake fuskantar da gilashin.

Kauɗar da na samu ja ce wur, babu ƙasa ko kaɗan, kuma ta riga ta tabarma bushewa. Kuɓewa da barkono ma sun yi kyau. Zogale ne mai laulayi, hasken rana kai tsaye yana kashe masa launi, sai na shimfiɗa farin ƙyalle a kansa.

'Yan'uwa mata, don Allah kada a yanki gidan sauron da ake rabawa a yi shimfiɗar shanya da shi, domin akwai maganin kashe sauro a jikinsa. Ragar ƙarfe ma tana tsatsa da tsamin tumatir. Tururuwa kuwa, a tsoma ƙafafun akwatin cikin gwangwanayen ruwa, shi ke nan.

Inda ya gaza shi ne damina. A Agusta iska ta cika danshi, ga hadari, kuɓewa tana iya yin funfuna kafin ta bushe. Sannan cikinsa ƙarami ne. Lokacin da tumatir ya yi araha a kasuwa, kwando ɗaya sai an raba shi kashi-kashi. Ya isa miyar gida ɗaya, amma mai sayar da kauɗa sai ta sa a yi mata wanda ya ninka nawa, da shimfiɗu hawa-hawa.