Kiyub na kati ko na Sonobe: da wanne za a fara wa yara?

Assalamu alaikum Malama, sannu da fama da yara. Tun daren jiya na ga tambayarki: kina da 'yan aji biyar su sittin da wani abu, kina so ki koya musu haɗa kiyub na takarda ba tare da gam ba, kin ga iri biyu, na kati da wanda ake kira Sonobe, kin rasa wanda za ki ɗauka. Na bari sai da safe don in amsa a nutse, domin duka biyun na koyar da su a darasin yamma da nake yi wa yaran layinmu a Fagge.

Shawarata ita ce ki fara da na kati, amma kada ki zauna a kansa. Na kati shi ne zai sa kowane yaro ya koma gida da abu a hannu tun ranar farko. Na Sonobe kuwa shi ne zai riƙe miki su har ƙarshen zango.

Saboda 'yan uwa da ba su san zancen ba: kiyub shi ne siffar ɗan lido ko dunƙulen magi, fuska shida, gefe 12, kusurwa takwas. Fasahar ninke takarda kuma ita ake kira origami, kalmar Jafananci ce, "ori" ninkewa, "kami" takarda. Reshen da muke magana a kai shi ne wanda ake ninke falle da yawa iri ɗaya, kowane falle ya zama gaɓa guda, sannan a sarƙa gaɓoɓin su riƙe juna da kansu. Ba sabon abu ba ne, akwai littafin da aka buga a Japan a 1734 mai ɗauke da zanen wani akwati mai siffar kiyub da aka haɗa ta wannan hanya.

Na kati ba shi da wani ninki mai wahala. Kati shida ake buƙata, mai tsawo ya fi faɗi, kamar katin adireshi da 'yan kasuwa ke rabawa. Ki ɗora ɗaya a kan ɗaya a gicciye, abin da ya leƙo ta kowane ɓangare ki lanƙwasa shi a kan ɗan uwansa, ki raba su. Kowane kati ya fito da kunne biyu ke nan. Shi ke nan ninkin. Wajen haɗawa doka biyu ce kawai, kuma ni sai na sa yara sun rera ta kamar karatu kafin mu fara: kunne a waje yake kwana, kunne ba ya haɗuwa da kunne. Wato kowane kunne yana rungumar gefen katin da ba shi da kunne. Wahalarsa ɗaya ce. Kati huɗu ko biyar na farko ba sa tsayuwa, suna ta zamewa, sai na shida ya shiga sannan abin ya kulle ƙam. Hannun yaro ƙarami ne, don haka ki haɗa su bibbiyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya saka.

Na Sonobe kuwa da falle mai murabba'i ake yi, kuma a ninkin aikin yake. Ki ninke fallen biyu ki buɗe, ki kawo gefuna biyu su haɗu a layin tsakiya kamar an rufe taga mai marfi biyu, sannan ki karya kusurwar ƙasa ta dama zuwa sama, ta sama ta hagu zuwa ƙasa, ki cusa kowace a ƙarƙashin marfin. Abin da zai fito siffa ce mai karkata, da harshe biyu masu tsini a bakuna, da aljihu biyu a tsakiya. Harshen wannan yana shiga aljihun wancan. Sunan ya samo asali ne daga Mitsunobu Sonobe, mutumin Japan da ake jingina wa ƙirar, kuma a 1968 aka fara buga ta.

A nan ne na taɓa yin kuskuren da ba na so ki maimaita. Ranar farko na tsaya gaban yara ina fuskantarsu ina ninkewa. Wasu suka bi maganata, dama suka yi dama. Wasu kuma suka bi idonsu, suka kwaikwaye ni kamar madubi. Da muka zo haɗawa sai harshe ya ƙi samun aljihu. Wata yarinya da ta fi kowa tsabtar ninki ta yi ta juya gaɓoɓinta har idonta ya kawo ruwa, tana cewa ita ce ba ta iya ba, alhali biyu daga cikin shidanta ne kawai suka karkata hagu. Abin ya dame ni ƙwarai. Gaɓar Sonobe tana da dama da hagu kamar takalmi, dole duka su karkata ɓangare ɗaya. Tun daga ranar nake juya wa yara baya in ɗaga takardar sama da kaina, damata ta zama damarsu, kuma duk wanda ya gama gaɓa sai ya ɗora ta a kan ta farko, in sun kwanta daidai a wuce. Na kati ba shi da wannan matsala sam, ko ta ina aka juya shi ɗaya ne. A aji mai yara sittin wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ta fuskar kayan aiki kuma Sonobe ne ya fi sauƙi. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. In kika yanka ta murabba'i mai santimita 9.9, biyu a faɗi uku a tsawo, falle shida cif za ki samu. Ashe takarda ɗaya kiyub ɗaya ke nan, mai kimanin santimita uku da rabi a kowane gefe. Yara sittin, takarda sittin, rim kuwa 500 ne a ciki. Na kati ba ya yiwuwa da wannan takarda mai laushi, sai kwali mai ɗan ƙarfi. Kwali mai girman A4 in aka yanka shi santimita 5 da 9 yana ba da kati 12, kiyub biyu. Ni ban cika saye ba. Tsofaffin katunan biki, kwalin shayi, kwalin man goge baki, da ragowar yanka da ake samu wajen masu buga takardu a Sabon Gari, duk suna yi. In za ki yanka da yawa ki roƙi mai injin yanka ya datse miki lokaci ɗaya, domin in kati ya bambanta da ɗan uwansa ko da kaɗan ne, kiyub ɗin zai fito a karkace. Abu ɗaya nake roƙo, tun da yara za su riƙa kawo tsofaffin takardu daga gida: a duba, kada a yanka mai ɗauke da aya ko sunan Allah, kuma katunan biki da yawa suna farawa da Bisimilla.

Yanayi ma yana da ta cewa. Da hunturu kati mai sheƙi yana tsagewa a bakin ninki. Da damina kuma takarda tana yin laƙwas, babban gini na Sonobe ya riƙa saki. Fanka ma a kashe ta lokacin aiki.

To, inda suka rabu da gaske shi ne abin da ake iya fitarwa daga kowanne, kuma nan ne ya kamata ki fi dubawa.

Na kati ba ya canza siffa, ƙaruwa yake yi, kamar bulo. Kunnuwan nan da ke waje su ne maɗaurinsa: ki zura kunnen wannan kiyub ƙarƙashin kunnen wancan, sun manne ba gam ba salatif. In kina son fuska ta yi sumul sai ki ƙara kati ɗaya ki rufe ta, a nan ne ake sa launi ko a rubuta lamba. Da wannan za ki nuna wa yara da ido abin da allo ba ya nunawa: in an ninka tsawon gefe biyu, kiyub takwas ake buƙata, in an ninka uku, 27. Akwai wasan ƙwaƙwalwa da ake kira Soma, wanda Piet Hein ɗan ƙasar Denmak ya ƙirƙira, gutsure bakwai ne da aka gina da ƙananan kiyub 27, ana harhaɗa su su ba da babban kiyub ɗaya, kuma hanyoyin haɗa shi 240 ne. Kati 162 ya ishe ki, aikin rana ɗaya ne ga ajinki. Masu dogon buri kuma akwai soson Menger, siffar da masanin lissafi Karl Menger ya bayyana a 1926: a jera kiyub 27, a cire na tsakiyar kowace fuska da na can ciki, 20 su rage. Wannan shi ne matakin farko, kati 120 ne, in za a rufe fuskoki 192. Kowane mataki na gaba kuma da guda 20 na wanda ya gabace shi ake jera shi. Wata injiniya a Amurka, Jeannine Mosely, ta gina mataki na uku, kiyub 8,000, da kati 66,048, ta kammala a 2005 bayan kusan shekara tara. Matakin farko dai yaranki za su iya, kowane benci ya kawo nasa a haɗa.

Sonobe kuwa gaɓa ɗaya ce, amma adadin da kika haɗa shi ke yanke abin da zai fito. Wannan ne ya sa nake ƙaunarsa. In kika ƙara wa kowace gaɓa karya ɗaya a tsakiya, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ta daina kwanciya a miƙe, ta fara tashi. Gaɓa uku suna haɗuwa su yi tsini ɗaya, ɗan ƙaramin dala kamar dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotunan Kano, sai dai wannan fuska uku gare shi. Gaɓa uku kacal suna ba da wani abu mai fuska shida kamar dutsen zobe, ana kiransa da sunan Toshie Takahama, gwanar origami 'yar Japan. Gaɓa 12 suna ba da ƙwallo mai tsini takwas, dala huɗu suna kewaye kowace mahaɗa, wato wurin da gindin dalolin ke haɗuwa. Gaɓa 30 suna ba da mai tsini 20, dala biyar a kowace mahaɗa, shi ne wanda ake ratayewa ado, kuma duk wanda ya shigo ɗaki sai ya tambaya. In kuma aka bar gaɓoɓin a kwance, 24 za su ba da babban kiyub mai gida huɗu a kowace fuska.

Akwai lissafi a ɓoye a nan da nake so yara su gano da kansu. Kowane dala gaɓa uku ne, kowace gaɓa kuma tana cikin dala biyu. To ki ninka yawan dala sau uku ki raba biyu: takwas ya ba da 12, ashirin ya ba da 30. Wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya tambaye ni, to shi kiyub mai gaɓa shida dala nawa ne? Na ce ya lissafa. Ya ce huɗu. Ya ɗauki kiyub ɗin yana juya shi a kan kusurwa, ya yi shiru, can sai ya ce, "Malam, wallahi ga su nan!" Lallai suna nan, kusurwa huɗu daga cikin takwas su ne kawunan dala, sauran huɗun mahaɗa ne. Ban taɓa samun irin wannan lokaci da na kati ba.

Launi ma Sonobe ya fi nuna shi. Ki ɗauki launi uku, bibbiyu, ki sa masu launi ɗaya su fuskanci juna, kowace fuska za ta fito da alwatika huɗu masu launi biyu a sarƙe, kamar aikin dukawa a jikin jaka. In takardar bayanta fari ne, lanƙwasa bakin marfin baya kaɗan yana fito da ratsin fari, kuma kowane sauyi a wannan lanƙwasa sabon ado ne. Gwanayen origami na Japan, Kunihiko Kasahara da Tomoko Fuse, sun fitar da ire-iren wannan da yawa.

Akwai na uku da ke tsakani, kiyub ɗin Paul Jackson, wani gwanin origami, da falle mai murabba'i ake yinsa amma haɗinsa irin na kati ne. Daga wannan kiyub ne wani gwanin, David Mitchell, ya fitar da wanda ake lotsa kusurwa ɗaya ciki, a ɗora wani a kai su tashi kamar hasumiya. Ki ajiye shi sai ranar da kwali ya ƙare.

Da ni ne ke, mako biyu na farko na kati zan yi, har a gina na takwas da na 27. Mako na uku ninkin Sonobe kaɗai, ba haɗawa, kowane yaro ya yi shida ya rubuta sunansa a ciki ya zuba a ambulan. Ki fara zaɓar yara shida ko bakwai masu nutsuwa ki koya musu lokacin tara, su zama mataimakanki a layi-layi, don ke kaɗai ba za ki iya zagaya benci ashirin ba. Mako na huɗu a haɗa kiyub. Mai 12 a yi shi rukuni-rukuni, mai 30 kuma na aji ne gaba ɗaya, yara sittin sun isa su yi biyu kowa da gaɓarsa ɗaya. Shi mai 30 ki yi amfani da ƙananan falle, ya fi tsayuwa. Kafin ki rufe shi ki zura zare mai ƙulli a ɗan guntun ashana ta cikin mahaɗa ɗaya don ratayewa. Gaɓoɓi ukun ƙarshe su ne masu taurin kai, yatsa ba ya shiga, sai ki ɗaga bakin aljihun da tsinken sakace ki tura harshen a hankali.