Sauke lambar CMake ko sa kowa ya sabunta?

Ƙanena, ka ce manhajar lissafin shago da kake rubutawa da C++ tana haɗuwa lafiya lau a kwamfutarka, amma da ka kai wa yaran da kake koyarwa a ƙauyenku na wajen Ringim, sai CMake ɗinsu, wato manhajar da ke tsara yadda za a haɗa rubutun C++ ya zama manhaja mai aiki, ya ƙi, wai sigarsa ta yi ƙasa. Kana tambaya ko ka sauke lambar sigar da ke saman CMakeLists.txt, fayil ɗin umarnin CMake, ko ka sa su sabunta. Duka biyun na gwada su.

Sabuntawa daɗinta na wurin mai rubutu ne. Ubuntu 24.04, sigar tsarin Linux, yana zuwa da CMake 3.28, kana da komai a hannu, har da CMakePresets.json da ya shigo a 3.19. Sai dai kwamfutocin da ke hannun yaranmu yawanci tsofaffi ne: mai Ubuntu 20.04 yana da 3.16, mai 22.04 yana da 3.22, kuma apt, mai girka manhajoji a Ubuntu, ba zai ba su abin da ya wuce haka ba, sai an ƙara ma'ajiyar Kitware, kamfanin da ke kula da CMake, ko a sauko da shi ta pip, mai girka kayan Python. A cikin Dutse ko Kano wannan ba komai ba ne. Mu kuwa nan, na taɓa ganin ɗalibina zaune a gindin darbejiya, ya rataye waya a reshe don ta kamo sabis, batirin sola na ta ƙara, saukar da CMake daga intanet ta kai rabi ta yanke. Datar da ya saya ta tafi, ranar ko layi ɗaya bai rubuta ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Sauke lambar kuwa wahalarsa a kanka take, kai kaɗai. Ka rubuta cmake_minimum_required(VERSION 3.16...3.28). Lambar farko ita ce mafi tsufan sigar da ka yarda da ita, ta biyu kuma tana gaya wa sabon CMake ya yi aiki da sababbin ƙa'idojinsa har zuwa 3.28, kada ya riƙa kwaikwayon tsoho. Wannan salon ɗigo uku tun 3.12 yake. Abin da za ka rasa bai taka kara ya karya ba: umarnin FetchContent_MakeAvailable tun 3.14 yake, target_precompile_headers kuma a 3.16 ya zo. In akwai sabon abu da ba ka iya haƙura da shi, ka sa shi cikin if(CMAKE_VERSION VERSION_GREATER_EQUAL 3.19), amma kada irin waɗannan su yi yawa, fayil ɗin zai zama faci bisa faci.

Ga inda aka fi faɗawa rami. Rubuta 3.16 ba ya hana ka amfani da umarnin da sai daga baya aka ƙirƙiro shi. CMake ɗinka na 3.28 zai karɓa shiru, ba gargaɗi, sai an je kwamfutar yaro abin ya fashe. Lambar alkawari ce kawai, gwaji ne ke cika ta.

Kada kuma ka zarce ƙasa da yawa don neman lada. CMake 4.0 da ya fito a Maris 2025 yana ƙin duk fayil ɗin da ya tsaya a ƙasa da 3.5, kuma tun 3.31 ake gargaɗi kan ƙasa da 3.10.

Ni dai sauke lambar zan ɗauka, ba ko tantama. Ka zagaya kwamfutocin yaran, ka buga cmake --version a kowacce, mafi ƙanƙantar lambar da ka gani ita za ka rubuta. Sannan ka ware kwamfutar nan mai tsohuwar siga, duk gyaran da ka yi sai ya haɗu a kanta kafin ka zuba shi a filashi ka raba musu.