Kafin ka biya kuɗin hoton tsauni daga sama: jirgi mai matuƙi, mara matuƙi, ko tauraron ɗan'adam?

Kyamarar waya launuka uku take gani. Na'urar da masu binciken ruwan tsaunuka ke nema tana raba hasken da ƙasa ta mayar zuwa zango ɗari biyu ko fiye, ta haka ake gane girman ƙwayar dusar ƙanƙara, da ƙurar da ta sauka a kanta, da danshin ganyen itatuwa. Hanyoyin samun irin wannan hoto uku ne, kuma bambancinsu ya wuce na farashi.

Mafi sauƙi shi ne tauraron ɗan'adam. PRISMA na Italiya, wanda aka harba a 2019, da EnMAP na Jamus na 2022, suna ba masu bincike hoto ba tare da biyan kuɗi ba. Matsalar ita ce kowane ɗigo na hotonsu faɗinsa mita 30 ne. A fili shimfiɗaɗɗe babu laifi. A kan tsauni kuwa, ɗigo ɗaya zai haɗa dutse da itace da ƙanƙara da inuwa, sai ka rasa wanda ya ba ka amsar. Ga kuma gajimare, wanda ba ya barin kan tsauni a daidai lokacin narkewar ƙanƙara.

Jirgi mara matuƙi yana ba da hoto mai ƙanƙantar ɗigo, santimita kaɗan, amma batir da siririyar iskar saman tsauni ba sa barinsa ya yi nisa. Kuma a nan ne ake yawan yin asara: ƙananan na'urorin da suka fi araha, irin Nano-Hyperspec na kamfanin Headwall, suna tsayawa ne a nanomita 1000 (nanomita ita ce ma'aunin tsawon zangon haske). Alamar da ake auna girman ƙwayar ƙanƙara da ita tana kusa da 1030, yawancin alamomin sinadaran ganye kuma sun fi haka nisa. Idan kan ƙanƙara ko lafiyar daji kake aiki, nemi wadda ta kai 2500.

Jirgin sama mai matuƙi shi ne na fi amincewa da shi ga wanda zai binciki kwari guda tun daga kan tsauni har bakin kogi. Na'urar AVIRIS ta hukumar NASA, wadda ake ɗorawa a jirgi, ta fara aiki a 1987, tana da zango 224. Jirgin NEON, shirin Amurka mai lura da muhalli, yana tashi kimanin mita 1000 sama da ƙasa, yana ba da ɗigo mai mita ɗaya da zango fiye da 400. Shi ne ya ɗauki kwarin East River da ke kusa da Crested Butte a jihar Kolorado ta Amurka a 2018, yayin da masu bincike ke ƙasa suna tsinkar ganye don a gwada da abin da na'urar ta gani. Shirin Airborne Snow Observatory, mai auna dusar ƙanƙara daga jirgi, kuma ya fara a 2013 a kwarin Tuolumne na Kalifoniya, inda birnin San Faransisko ke samun ruwan sha.

Abin da ya haɗa NEON da wannan shiri shi ne duka biyun suna ɗauke da na'urar leza mai auna tudu da gangare. Kada ka karɓi tayin da babu ita. Gefen tsaunin da ke fuskantar rana da wanda ke cikin inuwa za su fito kamar ƙasa biyu daban ko da ciyawarsu ɗaya ce, kuma ba a gyara wannan sai an san karkatar kowane ɗigo.

Kafin ka sa hannu, tambayi kamfanin wa zai cire tasirin tururin iska daga hoton, da wa zai ɗauki asara idan gajimare ya hana tashi. Ka ware kuɗin mutanen da za su hau tsaunin su ɗebo samfuri a makon da jirgin zai wuce. Ka kuma duba rumbunan NASA da NEON tukuna, domin hotunansu kyauta ne, ta yiwu an riga an ɗauki kwarin da kake so.