Sushi a Abuja: ƙaramin shagon unguwa ko na otal?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwar maigidanki ta dawo daga karatu a Malesiya, ta matsa sai an je cin sushi, ke kuma ba ki taɓa kai shi baki ba. Kina tambaya ko ku shiga ƙaramin shago irin na lungunan Wuse 2, ko ku tafi babban otal a Maitama. Na ci a duka biyun, kuma ina da ɓangaren da na fi so.

Ki fara kwantar da hankalinki, sushi ba ɗanyen kifi ba ne kamar yadda ake tsorata mutane. Sunan na shinkafar ne, gajeriya mai danƙo, wadda aka cuɗa da binigar da sukari da gishiri. Ɗanyen kifi zalla, babu shinkafa, sashimi ake ce masa. Wanda aka naɗe cikin baƙin ganyen teku aka yayyanka shi ne maki, ɗan curin da aka ɗora wa yankan kifi kuma nigiri. Shi nigirin wani Hanaya Yohei ake danganta wa, wajen shekarun 1820 a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ba Edon su Benin ba. A lokacin abincin bakin titi ne, a ci a tsaye a wuce, kamar tsire a wurinmu. Ƙaramin shago ya fi kusa da asalin abin.

Amma babbar maganar ita ce kifin. Abuja ba ta da teku. Kifin salmon da za a sa miki daga waje yake zuwa, galibi Norway, a daskare ko cikin ƙanƙara. Daskarewar ba aibi ba ce, ita ce ma ke kashe tsutsar da ke jikin kifin teku. Ƙa'idar Amurka ita ce a ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7 kafin a ci ɗanye. Inda matsala take shi ne ya narke ya sake daskarewa, ya kuma narkewa, kin dai san halin wutarmu. A nan otal ya ci gari: janaretansu ba ya hutawa, suna da ɗakin sanyi. Ƙaramin shago kuwa ya danganta da mai shi. Da kin shiga ki saki hancinki. Kifi mai kyau ba ya ƙarni. In kin ji ƙarni irin na kasuwar kifi ta Kado, ku juya tun kafin a kawo muku ruwa.

Sai dai otal yana da nasa raunin. Sushi ɗaya ne cikin abinci barkatai da suke jerawa, wani lokaci tun rana aka naɗe shi yana zaune a faranti. Shinkafar ta sandare, ganyen ya yi laushi yana jan haƙori kamar roba. A ƙaramin shago a gabanki ake naɗawa, shinkafar da ɗan ɗuminta, ganyen yana ƙaras-ƙaras. Mai shago kuwa sushin shi ne abin da yake sayarwa, in yana da ciniki kifinsa ba ya daɗewa.

Batun halal kuma, kifi ba ya buƙatar yanka, a Malikiyya ma duk abin da ke rayuwa a teku ana ci. Abin dubawa shi ne mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da ke da giya a ciki. Ana sa shi a miyar da ake shafa wa gasasshen kifin unagi, wasu har a shinkafar. A shago mai naɗawar yana tsaye gabanki, ki ce ya nuna miki kwalbar. A otal sai ki aiki mai kawo abinci, ya shiga kicin ya fito ya ce miki “ba komai, Hajiya”, ke ba ki san ko ya tambaya ba.

Kuɗi: duka biyun da tsada, tunda kayan da dala aka sayo su. Otal yana ƙara kuɗin hidima a kan harajin VAT na kashi 7.5. Wurin ajiye mota, wurin salla da sakewa, otal ya fi, ba gardama. Shago kujeru kaɗan ne, hirarku ma maƙwabcin tebur yana ji.

Ni dai shago zan kai ki, ranar Juma'a ko Asabar da yamma, lokacin da ake ciniki. Ki fara da abin da aka dafa: naɗin kokwamba da fiya, ko na soyayyen jatan lande. In ya karɓe ki, ki ɗauki nigirin salmon guda ɗaya. Koren abin da ke gefe wasabi ne, yajinsa ba a harshe yake kamawa ba, hanci yake hawa. Ranar farko na ɗauka fiya ce na lakato da yawa, har yau yarana suna kwaikwayon fuskar da na yi. Yankakkiyar cittar kuma Japanawa gari suke kiranta, ba na rogo ba ne, ana cin ta tsakanin loma da loma don wanke baki. Baƙin ruwan waken suyan da gishiri sosai, ɗan taɓawa ya isa. In sandunan da ake ɗaukar loma da su sun ƙi ki, ki sa hannu, su ma can suna cin nigiri da hannu.

Abu ɗaya: in kina da juna biyu, ko za ku je da ƙananan yara, ku tsaya kan dafaffen ko'ina kuka je. In kuma wani ya ce zai haɗa muku da ɗanyar tarwada ko karfasa don ta fi araha, ku ƙi, kifin ruwan daɗi ba a cin sa ɗanye.