Ciwon Suga da Ido: Hoton Fundus ko OCT?

Masu ciwon suga a Gombe sun yi ta tambayata wanne gwajin ido za su yi, hoton fundus ko OCT.

Fundus hoton bayan ido ne. Ya fi araha da sauƙin samu, yana nuna jijiyoyin da suka zubar da jini. Akan ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, gani ya yi dishi-dishi na 'yan awanni, don haka kar a hau babur.

OCT, wato hoton cikin ido da na'ura ke ɗauka da haske, ya fi tsada, ba ko'ina ake samunsa ba. Amma shi ke auna kaurin tantanin gani da ke bayan ido, ya bankaɗo kumburin da ruwa ya taru a tsakiyarsa. Wannan kumburin nake tsoro, shi ke hana mutum karanta Alƙur'ani.

Wanda ake duba masa ido shekara-shekara, fundus ya wadatar da shi. Wanda ganinsa ya ragu ko ake masa allurar ido, OCT ya fi masa.