Wace na'ura ya kamata ka saya don duba janaretonka ta waya?

Jama'a duk mai janareton ko-ta-kwana ya san ranar baƙin ciki, an ɗauke wuta kana nesa, ka buga waya a ce maka wai ya ƙi tashi. Shi ya sa ake sa masa na'urar da za ta riƙa turo maka halin da yake ciki, to amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Bari in fara da ƙananan nan masu araha da ke aiki da waifai, don su suka taɓa cin amanata. Abin da kawai suka sani shi ne injin na aiki ko ba ya aiki, kuma da an ɗauke wuta rautar gidan ma ta mutu, to da me za ta turo saƙo? Ni cajar batirin ce ta lalace ban sani ba, batir ya yi ta zubewa a hankali, manhaja kuwa tana nuna min kore lafiya lau, ashe tsohon bayani ne ya maƙale. Tun daga ranar tambayata ta farko ita ce, tana nuna ƙarfin batir? Batir mai 12V in ya cika yana hutawa wajen 12.6 ake gani, in ka ga ya gangaro ƙasa da 12 to akwai magana.

Na kamfanonin injin, irin su Mobile Link na Generac da na Kohler, ba laifi in injinsu gare ka, in ba nasu ba ne ka wuce kawai. Kamfanin ComAp ma suna da manhajar WebSupervisor, tana aiki.

Ni dai DSE890 na Deep Sea Electronics ne ya kwanta min a rai, ba zan ɓoye ba. Sim ake sa masa, daga batirin injin yake shan wuta, saboda haka ko gari ya yi duhu yana nan yana magana, kuma da kwakwalwar janareton, wato akwatin nan mai allo da ke sarrafa injin, yake haɗe kai tsaye ba hasashe yake ba, duk abin da allon ke nunawa kai ma kana gani a manhajarsu ta DSEWebNet, ƙarfin batir, matsin baƙin mai, zafin injin, nauyin da ya ɗauka, awa nawa ya yi don ka san lokacin sabis. Kana iya tayar da shi ka kashe daga inda kake, har GPS gare shi in wani ya yi gigin ɗauke injin. Sharaɗin shi ne kwakwalwar ta zama wadda ta dace da shi, man tanki kuma sai an sa masa na'urar awo daban.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Jabun kwakwalwar janareto sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya tambari iri ɗaya, sai an zo haɗawa da intanet asiri ya tonu, don haka kar ka biya sai an yi rajistarta a gabanka ka gan ta a wayarka. Akwai masu sayar da tsohon kaya mai 2G ko 3G alhali ana ta rufe su, Amurka tun 2022 manyan kamfanoninta suka kashe 3G, ka nemi 4G. Wani zai nuna maka lita-litar mai a manhaja, ashe lissafi ne da awannin aiki ba awo ba, ko an zuƙe rabin tanki ba za ka gani ba, ka ce a ƙara mai kana tsaye ka ga ko lambar ta motsa. Sannan asusun manhajar, wallahi kar ka yarda mai haɗawa ya buɗe da sunansa, ranar da kuka ɓata shi ke da makullin injinka. Ka tambayi kuɗin shekara da na data tun kafin a ɗaura, kuma kafin ya tattara kayan aikinsa a kashe babban layin wuta, ka riƙe wayarka ka ƙirga minti nawa saƙon zai yi kafin ya shigo.